Autan Surukina

Litinin, 4 ga Maris, da hantsi

Auta bai dawo makaranta ba. Motar da ke kwaso yaran ruga ta iso, na leƙa ta tagar kicin ɗin makaranta inda nake girki, na ga hular kowa ban da tasa. Direba ya ce saƙo ne daga Ata: yaro zai zauna a gida, tumaki sun kusa haihuwa. Na ce to. Me zan ce? Na koma kan albasata, ita ce ta sa ni hawaye.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ni na haife shi. Bai fara rarrafe ba Ata da Apa, iyayen mijina, suka ɗauke shi, yadda ake yi da jikan fari a wajenmu Kazak na ƙasar Mongol. Tun ranar ya zama ɗan autansu, ƙanen mijina, ni kuma Jenge yake ce mini, matar yaya. Kelin irina, matar ɗa, ba ta kama sunan dangin miji, shi ya sa Auta nake kiransa. Shekara goma sha bakwai ke nan, bakina ya saba. Auta kuwa shi ke gadon murhun gida, shi ke zama da tsofaffi har ƙarshe.

Wata uku ya rage masa ya zauna jarrabawar shiga jami'a.

Talata, 5 ga Maris, bayan azahar

Moldir ta shigo kicin neman ɓawon burodi. Ita dai 'yata ce, ba wanda ya karɓe ta. Aga take ce wa Auta, wato yaya. Shekararta sha huɗu, bakinta ya kai arba'in.

Ta ce, "Mama, kada ki damu kanki, Aga ya samu abin da yake so. 'Yan matan ajinsu sun ba ni labari. Can baya suke zama shi da abokansa, hula har gira. Namiji ya ɗaga hannu, su ce ya zama mace. Ya amsa da Mongolanci mai kyau kuwa, shi ke nan: 'Sannu ɗan Mongol, yaushe za ka canza suna?'"

Na ce to me suke so su zama?

"Direbobi mana. Ko su tsallaka Kazakistan. Cewa suke aikin babban birni Ulan Bator na 'ya'yan Mongol ne, ko sun haɗiye littafi da sun buɗe baki za a gane su a yi dariya."

"Ke ba a yi miki dariya?"

"Ana yi. Su yi ta yi! Ni ko makarantar nan ta ƙone, a kan toka zan zauna in yi karatu. Ba zan ƙare a bakin ƙofa ina zuba wa mutane shayi ba."

Sai idonta ya kai kan butar da ke hannuna. Na ce ta ɗauki burodinta ta ba ni wuri, ina da aiki.

Laraba, 6 ga Maris, da yamma

Waya ba ta yi ƙara ba. Mijina, baban Moldir, ya ce zai dawo daga Kazakistan kafin haihuwar tumaki. Shi ya faɗa, ba ni na tambaya ba.

Juma'a, 8 ga Maris, da rana

Malama Dulma mai koyar da Mongolanci ta same ni ina wanke tukwane. Shekararta biyu a garin nan, ta iya Kazakanci daidai na sayen nama, kuma tana da kirki, wannan ba zan hana ta ba. Ta ce shugaban makaranta ya yanke magana: idan makon farko na Afrilu ya wuce Auta bai dawo ba, za a cire shi daga masu jarrabawa.

Ta ce, "Kin san yaron nan ya fi kowa a ajin? Da gangan yake ɓata amsa a gaban abokansa, ina ganinsa. A takarda kuwa ba ya kuskure. Likitan dabbobi yake so ya zama, ya faɗa mini sau ɗaya, ya ce in na gaya wa wani ba zai ƙara gaishe ni ba. Ke uwarsa ce, ki yi wani abu."

Na waiga ko wani ya ji. Na ce, "Malama, ni Jenge ce." Ta yi murmushi kamar na yi mata wasa.

Lahadi, 10 ga Maris, da sassafe, a ruga

Hannun Ata na dama yana nan a shanye tun ranar da ya faɗi aka ɗauko shi daga gindin dutse. A cinya yake ajiye shi, da hagu yake karɓar kofi. Ba a maganar. Apa ta rame.

Jiya da na iso Auta na tsaye da samarin rugar maƙwabta, sun kewaye babur. Ɗaya ya ce, "Ga Jengenka ta zo da igiya ta mai da kai aji." Ya tofar da miyau ya ce, "Aji? Wannan sai su Moldir. Ni na gama zama kamar kaza a kan ƙwai." Suka kwashe da dariya. Ya karɓi jakata bai kalle ni ba.

Yau kuma na fita ɗebo busasshen kashin shanu na wuta, sai na ji murya a ɗakin tumaki. Mongolanci. Na laɓe. Ashe shi ne, ya riƙe ƙafar wata tunkiya yana lissafa mata sunayen ƙasusuwanta ɗaya bayan ɗaya, in ya yi tuntuɓe ya koma farko. Har da ce mata, "Maimaita!" da muryar Malama Dulma. Tunkiya ta ce baa. Ya ce, "Sifili. Zauna."

Na toshe baki da gyale kada dariya ta tona ni. Da na koma bayan gida sai ta juye ta zama wani abu.

Talata, 12 ga Maris, da hantsi

Gadon Auta a ɗakin kwanan maza na makaranta yana nan a shimfiɗe. Na hana a ba wani bargon.

Alhamis, 14 ga Maris, da yamma

Matar mai kanti ta dawo daga tsallake. Ta ce ta ga baban Moldir a kasuwa, lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, na ce gishiri na zo saye. Ta auna mini gishiri.

Waya ba ta yi ƙara ba.

Litinin, 18 ga Maris, bayan azahar

Malama Dulma ta ce za ta bi mu ruga ranar Nauriz, bikin sabuwar shekararmu, ta yi wa tsoho magana da kanta. Na ce ta bari. Ta ce a garinsu malami ya shiga gida ana sauraronsa. Na ce a nan ma ana sauraro, amma akwai yadda ake faɗa. Na so in koya mata, sai aka kira ni madara na tafasa. Moldir kuwa murna take, wai a ƙarshe an samu mai baki.

Ni dai na san halin Ata.

Juma'a, 22 ga Maris, ranar Nauriz, da la'asar

Ta zo. Apa ta tarbe ta kamar 'yar sarki, aka kai ta can ƙurya wajen zaman manyan baƙi, aka kawo faten Nauriz da kan rago. Ni ina wurina, bakin ƙofa, gefen murhu, ina zuba shayi kaɗan-kaɗan yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe. Ta yaba fate, ta yaba darduma. Ata har ya yi dariya da ta ce ita ma 'yar makiyaya ce, ta iya tatsa. Na ce a raina, Allah ya sa ta tsaya a nan.

Ina! Sai ta gyara zama ta ce, "Baba, na zo ne kan jikanka."

Cokalin Apa ya tsaya a iska.

Ata ya ce, "Jikata ga ta can," ya nuna Moldir da haɓa.

Ta ce, "A'a, namijin." Ta kama sunansa. Sannan, ya Allah, ta juyo gare ni: "Ga mahaifiyarsa ma. Ki yi magana mana, ɗanki ne, ke kika haife shi. Kakanni su taimaka da shawara, amma uwa ce ke da ta cewa."

A gaban maƙwabta. A gaban samarin nan masu babur. Auta yana tsaye da butar wanke hannu, kunnuwansa suka yi ja wur, ya ajiye ta ya fita.

Ata bai ɗaga murya ba. Apa ya kalla ya ce, "Gaya wa kelin ta cika wa baƙuwa kofinta." Na cika shi har baki. Duk ɗakin an san ma'anarsa: sha ki kama hanya. Ita kuwa baiwar Allah ta karɓa da hannu biyu tana godiya, wai yau an yi mata karamci. Direba ne ya raɗa mata a waje.

Ba na jin haushinta. Ƙarya nake, ina ji. Amma gaskiya ta faɗa, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

Asabar, 23 ga Maris, da safe

Wajen karin kumallo Ata ya ce wa Apa, "Ashe yaron nan yana da uwa. Tunda haka ne ta ɗauki abinta ta kai shi inda take so. Ni dai na tsufa ba ɗa a gida." Ya kife kofinsa.

Maganar da na yi shekara goma sha bakwai ina mafarkin ji ke nan, ta ɗauki abinta. Da ta zo, kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara.

Auta ya same ni wajen rijiya. Bai taɓa yi mini tsawa ba sai yau.

"Jenge, wa ya aike ki? Wa ya ce miki ina son makaranta? Ni ɗan Ata ne! Ki gaya wa malamarki ta riƙe jarrabawarta, ta ba 'yan mata."

Na ce ban aike ta ba. Ya ce, "To ki fita harkata." Ya ɗauki bokitaina biyu ya kai mini har ƙofa, yana ta huci, ya dire su ruwa ya fantsama.

Lahadi, 24 ga Maris, da rana

Ba wanda ke magana da wani. Tunkiya ta farko ta haihu.

Talata, 26 ga Maris, da hantsi, a makaranta

Malama Dulma ta zo idonta a kumbure. Ta ce ba ta san ta yi ɓarna ba. Na ce da yaron tsakanin tumaki da makaranta yake, yanzu kin sa shi tsakanin uba da makaranta, wanne kike zaton zai ɗauka? Na ba ta shayi, kaɗan na zuba, na kuma gaya mata dalili don gaba.

Moldir ta ce, "Mama, ke fa sai yaushe za ki buɗe baki a gidan can?" Na ce ranar da kika rufe naki.

Alhamis, 28 ga Maris, bayan azahar

Na ajiye aiki. Na wanke tukwane tas, na rataye ludayi, na miƙa makullin sito. Shugaban makaranta ya ce in yi tunani, akwai mata da yawa da ke jiran wurin, in na fita ba dawowa. Na ce na yi tunanin.

Shekara tara ina dafa wa 'ya'yan mutane don in riƙa ganin mutum biyu suna cin abinci. Moldir ta yi kuka, ta ce na mai da kaina bakin ƙofa da ƙafata. Na ce ta kula da safarta, kullum ɗaya take ɓatarwa.

Asabar, 30 ga Maris, da yamma, a ruga

Ban ce wa kowa komai ba. Na sa tsohuwar rigar fata ta baban Moldir, tunda mai ita ba ya bukata, na shiga ɗakin tumaki. Auta ya ce, "Me kike yi a nan?" Na ce matsa, ka tsaya mini a haske.

Hannuna bai manta ba. A gidan ubana ni ke karɓar haihuwar tumaki kafin a kawo ni nan. Wata ta zo da ɗa a juye, na gyara shi na fito da shi da rai. Auta ya tsuguna yana kallo, har ya manta yana fushi, ya fara yi mini bayanin abin da littafi ya ce kan mahaifa. Da ya tuna sai ya haɗe rai.

Litinin, 1 ga Afrilu, da asuba

Bayana kamar an daka. Ata ya leƙo ɗakin tumaki jiya, ya tsaya, ya koma.

Laraba, 3 ga Afrilu, da hantsi

Wata baƙar tunkiya ta haifi tagwaye, nono ba zai ishe su ba. Wata fara kuma nata ya zo babu rai. Auta ya ɗauki ɗaya daga tagwayen ya shafa masa ƙamshin farar, ya yi ta lallashinta har ta bari ya sha.

Apa tana taya ni tace madara, ba ta ɗago ba ta ce, "Ni ma ɗana na fari na ba da shi. Har ya rasu Jenge yake ce mini." Ban taɓa ji ba. Na ce, "Apa, gobe ina so in yi magana da ke wajen shayi." Ta gane. Ta ce, "Ki ɗaga murya, kunnen tsohon ya yi nauyi."

Alhamis, 4 ga Afrilu, da rana

Na yi. Kelin ba ta fuskantar suruki da magana, don haka Apa na kalla, Ata yana gefe, Auta yana gyaran linzami a bakin gado.

Na ce, "Apa, baƙuwa ta yi kuskure. Yaron nan ɗan Ata ne. Ban taɓa cewa nawa ne ba, kuma ba zan ce ba, ko yau ko gobe."

Wallahi kamar na yanki naman jikina na ajiye a faranti. Hannun Auta ya tsaya a kan linzami. Ban kalle shi ba, da na kalla da ban ƙarasa ba.

Na ce, "Autan Ata nake roƙa wa. Bara da ciwon nan ya shiga garke, sai da muka jira likita daga garin Olgi, kafin ya zo mun yi asarar da muka yi. Da ya zo ma bai ji yarenmu ba, sai da Auta ya tsaya a tsakani. Wanda zai gaji murhun nan, ya gaje shi da magani a hannunsa."

Ata ya ce wa Apa, "Tambaye ta wa zai riƙe tumaki."

Apa ta ce, "Wa kake gani yana riƙe su tun Asabar, aljani?"

"Aikinta na gari fa?"

Na ce, "Apa, kelin ta bar shi."

Wuta na ƙara a murhu. Can ya ce, "Shi yaron ai ya ce ba ya so. Ya ce karatu na mata ne."

Apa ta ce, "To je ka tambayi tumakinka, sun kusa iya Mongolanci."

Auta ya sunkuyar da kai har ƙasa. Ata ya miƙo kofi da hagu, na zuba masa kaɗan. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Juma'a, 5 ga Afrilu, da yamma

Shiru.

Asabar, 6 ga Afrilu, bayan azahar

Samarin babur sun zo, suna zaune a waje suna shan rana. Ata ya sa aka fito masa da kujera, abin da bai yi ba tun faɗuwarsa. A gabansu ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ɗana! Zo nan."

Ɗana. Na ga kafaɗun Auta sun sauka.

Ya ce, "Gobe mota za ta zo, ka bi ta. Ban tambaye ka ko kana so ba. Ka je ka zauna a kujerar gaba, in na ji an ce ɗan wani ya wuce ka, ko da a yarensa ne, kada ka dawo mini gida. In ka gama ka zo ka duba mini dabbobi, na gaji da jiran baƙi."

Auta ya ɓata fuska ya juya wajen abokansa: "Kun gani ko? Tsoho ya kore ni. Ya zan yi?" Suka yi ta yi masa jaje, ɗaya har da cewa Allah ya ba shi haƙurin zama da 'yan mata. Ya girgiza kai kamar an yi masa mutuwa. Da ya shiga ɗaki haɗa kaya kuwa, ina jinsa ta bango yana fito da baki.

Tsohon nan ya san abin da yake yi. Da a ɗaki ya faɗa, da yaron bai samu abin gaya wa abokansa ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu, da hantsi

Ata ya buɗe tafin hagu ya sa wa Auta albarka, Apa ta cusa masa busasshen cuku a aljihu har ya kusa yagewa. Ni ina ɗakin tumaki, don ba wurina ba ne. Na ji mota ta yi hon. Sai ga shi ya shigo da jaka a kafaɗa, wai ya zo ya nuna mini inda maganin tsutsa yake, kamar ban sani ba.

Ya tsaya wajen farar tunkiya da ɗan da aka ba ta. Baƙar tana gefen shinge ta zuro hanci.

Ya ce, "Jenge, wannan kullum sai ta zagayo ta shinshine shi. Kada ki kore ta."

Na ce ba zan kore ta ba.

Ya gyara igiyar jaka, idonsa a kan shinge. Ya ce, "Abin da kika faɗa ranar Alhamis, na san don me kika faɗa. Ni ban yarda da shi ba." Ya cire safar hannunsa ta fata ya tura mini a aljihu, ya ce hannuna ya tsattsage, ya fita da gudu mota na ta hon.

Na zauna a kan buhun dusa na yi kuka mai isata, tumaki na kallona. Daɗi ne, ba wani abu ba.

Litinin, 8 ga Afrilu, da la'asar

Waya ta yi ƙara. Na hau tudu da gudu don a nan ake ji, zuciyata na cewa baban Moldir ne. Moldir ce.

"Mama, Aga ya zauna a layi na biyu! Ya ce na gaba ya yi kusa da alli, yana sa shi atishawa. Wai ya ɗaga hannu, wani ya ce masa ɗan Mongol, ya ce umurnin tsoho ne, mai ja ya je ruga ya faɗa. Kuma sabuwar mai girkin ba ta iya shayi ba."

Na sauko. Akwai uku da za su haihu kafin magariba, ga ruwa ban ɗebo ba. Gobe da jibi da har abada Auta zan ce, a gaban Ata da gaban kowa, na yi alkawari kuma zan riƙe. Amma nan ba wanda ke ji.

Tilek. Sunansa ke nan. Ɗana Tilek ya koma makaranta.